Shin da gaske bita-buloka ba ya yi wa baƙar fata aiki? Sake duba binciken 2008

Watannin baya baffana ya kira ni da daddare. Shekararsa biyu yana shan carvedilol saboda zuciyarsa ta yi rauni, kumburin ƙafar ya sauka, har yana iya takawa kasuwa ba tare da ya tsaya hutawa a hanya ba. Ya ce wani abokinsa ya gaya masa wai Turawa da kansu sun gano wannan magani ba ya yi wa baƙar fata aiki, to shi me zai sa ya ci gaba da zuba kuɗinsa? "Kai da kake karatun kimiyya, gaskiya ne ko ƙarya?" Na ce, "Baffa, don Allah kada ku daina sha, ku ba ni kwana biyu."

Maganar abokin nan ba daga sama ta faɗo ba. Tana da tushe a wasu bincike na gaske da aka yi a Amurka, kuma wanda ya fi yin suna a cikinsu shi ne wanda Stephen Liggett da Gerald Dorn da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Nature Medicine a 2008. Aiki ne mai kyau, ina ganin girmansa. Amma na koma na karanta shi da abubuwan da suka biyo bayansa, sai na ga an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Abin da nake so mu duba kenan: me ya nuna, me bai nuna ba, kuma me ya sa a zahiri mutum biyu za su sha ƙwaya iri ɗaya amma sakamako ya bambanta.

Me maganin yake yi a jiki?

Idan ka tsorata ko ka ruga da gudu, jikinka yana sakin sinadarin adiranalin da ɗan'uwansa noradiranalin. A jikin ƙwayoyin naman zuciya akwai wasu furotin da ke karɓar wannan saƙo, ana ce musu makarɓan bita-1. Da saƙon ya iso, sai zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi. Ga lafiyayye wannan taimako ne. Ga wanda zuciyarsa ta gaza kuwa, jiki yana ganin jini ba ya isa, sai ya riƙa sakin sinadaran dare da rana, kamar mai zabga wa jaki bulala bayan kaya sun riga sun fi ƙarfinsa. Jakin zai ɗan ƙara sauri, amma faɗuwarsa ake gaggautawa. Bita-buloka yana zama a kan makarɓan nan ya tare saƙon, wato ya karɓe bulalar.

James Black, ɗan Sikotland, shi ya samar da propranolol a 1964, kuma wannan aiki na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1988. Da farko likitoci sun ɗauka haɗari ne a ba mai raunin zuciya irin wannan magani, don a ganinsu ƙara mata kasala za a yi. A 1975 Finn Waagstein da abokansa a Suwidin suka gwada shi a kan marasa lafiya 7, suka ga sauƙi. Sai da aka shekara fiye da 20 kafin manyan gwaje-gwaje su tabbatar: CIBIS-II da bisoprolol a 1999, MERIT-HF da metoprolol a 1999, sai COPERNICUS da carvedilol a 2001. Kowannensu ya nuna raguwar mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A MERIT-HF, mai mutum 3,991, cikin waɗanda aka ba ƙwayar wofi kashi 11 cikin 100 ke mutuwa a shekara, cikin masu shan maganin kuwa kashi 7.2. Magunguna kaɗan ne a fannin zuciya ke da shaida mai ƙarfin wannan.

Inda shakka ta fara

A 2001 ɗin dai aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna BEST, da wani bita-buloka da ake kira bucindolol. Mutum 2,708 ne, kuma kusan kashi 23 cikin 100 baƙaƙen fatar Amurka ne, adadin da ya fi na sauran gwaje-gwajen nesa ba kusa ba. Gaba ɗaya ba a ga raguwar mutuwa da za a iya dogara da ita ba. Da aka raba mutanen gida-gida, sai aka ga waɗanda ba baƙaƙe ba sun amfana, baƙaƙen kuwa babu alamar amfani. Daga nan maganar ta samo asali.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bucindolol daban yake da 'yan'uwansa. Bayan tare makarɓa, yana kuma rage noradiranalin ɗin kansa, wani lokaci ya rage shi fiye da kima ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, har zuciyar ta rasa ɗan abin da take jingina da shi. Ba a taɓa ba shi lasisin sayarwa a Amurka ba, kuma ba shi baffana yake sha ba. A shekarar da BEST ya fito, Clyde Yancy da abokansa sun duba gwaje-gwajen carvedilol na Amurka, baƙaƙe 217 da waɗanda ba baƙaƙe ba 877, suka ga amfanin ya yi daidai a ɓangarorin biyu. Ka ga tun daga farko shaidu biyu ne masu karo da juna, amma ɗaya ce ta yi yawo a bakin mutane.

Abin da binciken 2008 ya kawo

Liggett da Dorn sun yi tambayar da ta dace: in da bambanci, mene ne a cikin jiki yake kawo shi? Launin fata ai ba ya taɓa makarɓan zuciya. Sai suka duba wani inzayim mai suna GRK5. Aikinsa kamar birki ne: idan saƙon adiranalin ya yi yawa, sai ya liƙa wa makarɓin wata alama ta fosfet, makarɓin ya rage amsawa. Sun gano ƙwayar gadon da ke ƙera GRK5 tana da nau'i biyu. A yawancin mutane, amino asid na 41 a jerin furotin ɗin gulutamin ne, a wasu kuma lusin ne, ana rubuta shi Leu41. Kusan kashi 40 cikin 100 na baƙaƙen Amurka suna ɗauke da Leu41, a cikin Turawa kuwa da wuya a same shi.

Inda aikin ya burge ni shi ne yadda suka bi shi mataki-mataki. A ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji, nau'in Leu41 ya fi taka birki da ƙarfi. A ɓerayen da aka dasa wa wannan nau'i, zuciya ta fi jure wa maganin da ke kwaikwayon adiranalin. Sannan suka bi baƙaƙen Amurka 375 masu gazawar zuciya na tsawon shekaru. Waɗanda ba su da Leu41, shan bita-buloka ya tafi tare da tsawon rai. Masu Leu41 kuwa, ko ba su sha ba, sun rayu kusan kamar masu sha, kuma ba a ga shan ya ƙara musu wani abu ba. Marubutan suka ce kamar an haife su da bita-buloka nasu a jiki.

Wannan bayani ne mai daɗi, kuma yana warware rikicin BEST cikin sauƙi: in kashi 40 na rukuni sun riga sun samu kariya, to amfanin magani zai dusashe idan aka haɗa lissafin rukunin duka. Daɗin bayani dai ba shi ne shaida ba.

Inda yake ɗingishi

Matsala ta farko, kuma babba: ba ƙuri'a ce ta raba masu sha da marasa sha ba. A gwaji irin MERIT-HF, kwamfuta ce ke zaɓar wanda zai samu magani da wanda zai samu ƙwayar wofi, don rukunan biyu su yi kama da juna ta kowace fuska. A nan kuwa likitocin marasa lafiyar ne suka yanke hukunci. To wa likita ke hana wa bita-buloka? Mai asma, mai jinin da ya yi ƙasa sosai, mai bugun zuciya a hankali, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, ko wanda ba ya dawowa asibiti. Irin waɗannan mutane dama rayuwarsu ba za ta zo ɗaya da ta masu sha ba, ko da magani ko babu. Marubutan sun yi gyara da lissafi, amma lissafi yana gyara abin da aka auna ne kawai.

Ta biyu, ƙanƙantar adadi. Ɗauki 375 ɗin. A lokacin bita-buloka ya riga ya zama maganin yau da kullum, don haka mafi yawansu suna sha. Cire su, sai ka rage da 'yan kaɗan. Cikin 'yan kaɗan ɗin ka ware masu Leu41, sai su ƙara raguwa. Duk maganar "ba sa buƙatar magani" a kan wannan ɗan rukuni ta tsaya. A rukuni ƙarami, mutuwar mutum biyu ko uku kan iya juya sakamako gaba ɗaya. Kuma rashin ganin amfani a ƙaramin samfuri ba ya nufin babu amfanin. Wanda ya leƙa rijiya da ashana bai ga guga ba, ba zai rantse cewa gugan ba ya ciki ba.

Ta uku, ko da mun yarda da komai, binciken bai ce maganin ba ya yi wa baƙaƙe aiki ba. Kashi 60 cikin 100 ba su da Leu41, kuma su a binciken sun amfana ƙwarai. Ƙungiyar ta sake dubawa a 2009, ƙarƙashin Sharon Cresci, da mutum 2,460, kuma abin da suka kammala da shi shi ne bambancin ƙwayoyin gado ya fi launin fata bayyana abin da ake gani. Wato marubutan suna ƙoƙarin fitar da mu daga maganar launi ne, sai masu yaɗa labarin suka mai da mu cikinta.

Ta huɗu, tarihin irin waɗannan bincike yana koya mana taka-tsantsan. A 2006 Liggett ya nuna cewa a cikin mutum 1,040 na gwajin BEST, wani bambanci a ƙwayar gadon makarɓin bita-1 da kansa, a amino asid na 389, yana raba masu amfana da bucindolol da marasa amfana. Masu nau'in ajinin daga uwa da uba sun samu raguwar mutuwa da kashi 38, masu ɗauke da gilisin ba su samu ba. Amma da aka duba wannan bambanci a mutum 600 na MERIT-HF, ba a ga tasirinsa ba. Wani bincike na 2008 a kan mutum 637 masu shan metoprolol ko carvedilol shi ma bai gani ba. Da aka zo aka yi gwaji na ƙuri'a, GENETIC-AF, wanda ya fito a 2019, inda aka zaɓi masu nau'in ajinin zalla aka gwada bucindolol da metoprolol wajen hana dawowar rikicewar bugun zuciya, bucindolol bai fi ba.

A 2024 ƙungiyar CPIC, wadda ke tace shaidu ta rubuta ƙa'idojin amfani da gwajin ƙwayoyin gado wajen rubuta magani, ta duba duk abin da aka tara a kan bita-buloka. Game da GRK5 da makarɓin bita-1, ta ce shaidar ba ta kai a ba likita umarni ba. Shekara 16 kenan bayan takardar Nature Medicine. Wannan bai sa binciken ya zama ƙarya ba. Ya zauna ne a matsayinsa na gaskiya: hasashe mai ƙarfi da ke jiran gwajin ƙuri'a.

To me ke kawo bambancin?

Bambancin dai akwai shi, kuma wasu dalilansa sun fi GRK5 tabbata.

Hanta. Metoprolol wani inzayim na hanta mai suna CYP2D6 ne ke narkar da shi. Tsakanin kashi 5 zuwa 10 na Turawa inzayim ɗin ba ya aiki a jikinsu, sai maganin ya taru a jini ninki-ninki, bugun zuciya ya yi ƙasa, su riƙa jin jiri. A ɗaya gefen, wani bincike na 1996 ya samu kusan kashi 29 na Habashawa suna da kwafin ƙwayar gadon fiye da ɗaya, hantarsu na cinye maganin da sauri. A shekarar kuma Collen Masimirembwa ya bayyana wani nau'i mai rage aikin inzayim ɗin, wanda ya yawaita a Zimbabuwe. Duba fa: Bahabashe da Bazimbabuwe duk baƙaƙe ne, amma hantar ɗaya tana gudu, ta ɗayan tana rarrafe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna launin fata ma'auni ne maras kyau. CYP2D6 da metoprolol su ne kawai haɗin da CPIC ta ba da shawara a kai. Bisoprolol bai dogara da wannan inzayim sosai ba, atenolol kuwa ƙoda ce ke fitar da shi, shi ya sa mai ciwon ƙoda ake rage masa.

Sauran magunguna. Wasu magungunan suna toshe CYP2D6, su mai da mai lafiyayyen inzayim tamkar wanda ba shi da shi. Paroxetine da fluoxetine na ciwon damuwa suna ciki. Lumefantrine ma, wanda ke cikin maganin maleriyar da aka fi sha a wurarenmu, yana danne inzayim ɗin, har takardar bayanin maganin ta Turai ta ambaci metoprolol da suna cikin waɗanda ba a so a haɗa.

Irin ciwon. "Ciwon zuciya" suna ne da ya rufe cututtuka da yawa. Shaidar raguwar mutuwa ta fi ƙarfi ga zuciyar da ƙarfin matsawarta ya ragu. A 2014 Dipak Kotecha da abokansa sun haɗa bayanan mutum 18,254 daga gwaje-gwajen ƙuri'a, suka ga masu bugun zuciya na daidai mutuwarsu ta ragu da kusan kashi 27, masu rikicewar bugun ɗakunan saman zuciya kuwa ba a ga raguwa ba. A 2024 gwajin REDUCE-AMI, mai mutum 5,020 da jijiyar zuciyarsu ta toshe amma ƙarfin zuciyar bai ragu ba, bai ga maganin ya rage mutuwa ko sake toshewa ba.

Yadda bugun ya sauka. Finlay McAlister ya haɗa gwaje-gwaje a 2009 ya ga duk raguwar bugu 5 a minti tana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kusan kashi 18. Shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan ana ƙarawa duk bayan makonni. Wanda aka bari a kan awon farko shekara biyu bai samu irin abin da aka gwada a manyan gwaje-gwajen ba.

Sai wani ruɗani da nake zargin shi ne ya kai ga abokin baffana: cakuɗa hawan jini da gazawar zuciya. Wajen sauke hawan jini, gaskiya ne bita-buloka shi kaɗai yana da rauni a matsakaici ga baƙaƙe, musamman tsofaffi. Gwajin Barry Materson na 1993 a kan tsofaffin sojojin Amurka 1,292 ya nuna haka, kuma ana danganta shi da ƙarancin sinadarin renin. Ko a nan ma, Ashwini Sehgal ya lissafa a 2004 cewa kusan kashi 90 na baƙaƙe da farare saukar jininsu da bita-buloka tana cikin zango ɗaya. Mai gazawar zuciya kuwa ba don sauke jini ake ba shi ba, don a hutar da zuciyar ne.

Mu fa?

Kama da wane ba ta wane. Kakannin baƙaƙen Amurka galibi daga yammaci da tsakiyar Afirka aka kwashe su, don haka akwai dangantaka, amma a matsakaici kusan kashi ɗaya cikin biyar na gadonsu na Turawa ne, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi kowace bambancin ƙwayoyin gado. Alƙaluman da aka samu a can ba za a ɗora wa Bakano ko Badamagare kai tsaye ba.

Marasa lafiyar ma ba iri ɗaya ba ne. Binciken THESUS-HF na 2012, mai mutum 1,006 daga ƙasashen Afirka 9, ya samu matsakaicin shekarunsu 52, hawan jini ne kan gaba wajen jawo ciwon, toshewar jijiyar zuciya kuwa ba ta kai kashi 10 ba. A arewacin Najeriya ga gazawar zuciya bayan haihuwa, wadda Davidson da Parry suka yi rubutu a kanta a Zariya tun shekarun 1970. Manyan gwaje-gwajen kuwa mafi yawa maza ne da suka haura 60, masu toshewar jijiya. CIBIS-II a Turai aka yi shi baki ɗaya, a MERIT-HF da COPERNICUS kuma baƙaƙe kusan kashi 5 ne. Wannan giɓi na gaske ne, kuma shi ya kamata ya dame mu. Cike shi zai yiwu: a 2019 gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6 da mutum 728, ya gwada haɗe-haɗen magungunan hawan jini a kan mutanenmu, ya fito a New England Journal of Medicine. Irinsa muke buƙata a kan bita-buloka da gazawar zuciya, a haɗa da gwajin GRK5 da CYP2D6 tun daga farko.

Kafin nan, shaidar da ke hannu tana goyon bayan a sha. Kuma daina shi farat ɗaya yana da haɗarinsa: zuciyar da ta daɗe a tare tana ƙara yawan makarɓanta, da an janye maganin sai adiranalin ya same su a buɗe, bugu ya yi sama, mai toshewar jijiya yana iya samun ciwon ƙirji mai tsanani.

Da na kira baffana, na ce masa, "Baffa, binciken akwai shi, amma bai faɗi abin da aka gaya muku ba. Ku ci gaba da sha." Na koya masa ƙirga bugun hannunsa na minti ɗaya kowace safiya ya rubuta a takarda, na ce in ya ga ya yi ƙasa da 50, ko jiri ya dame shi, ko kumburi ya dawo, ya koma wurin likita da takardar, da kwalayen duk magungunan da yake sha har da na zazzaɓi. Ya ce to shi yana da wannan Leu41 ɗin ko ba shi da shi? Na ce ko an gwada an gani, a yau babu ƙa'idar da ta ce a cire masa maganin saboda shi. Ya ce shi kenan, gobe zai aika a sayo masa na wata mai zuwa.